Hagu ko Dama: Wane Gwaji Ya Kamata a Fara Biya Kafin Tiyatar Farfaɗiya?

Iyalin da suka shafe shekaru suna jinyar mai farfaɗiya, aka sha Tegretol, aka ƙara da Epilim, wataƙila aka koma Keppra, amma ciwon bai daina tashi ba, wata rana likita zai ambata musu tiyata. Daga nan sai a miƙo musu jerin gwaje-gwaje masu sunaye da gajerun haruffa, kowanne da kuɗinsa, wasu ana yinsu a gida, wasu kuma sai an hau jirgi zuwa Masar ko Indiya. A nan ne mutane da yawa suke tsayawa cikin ruɗu, domin ba su san wanne ne dole ba, wanne ne ƙari, kuma wanne ne za a sake yi ko da sun riga sun biya kuɗinsa. Wannan rubutu na mutanen da suka kai wannan mararraba ne.

Maganar tiyata ba ta tasowa sai magani ya gaza. A ma'anar da ƙungiyar duniya ta likitocin farfaɗiya, ILAE, ta fitar a 2010, idan an gwada magunguna biyu da suka dace da irin ciwon, aka sha su yadda ya kamata kuma a ma'aunin da ya isa, amma faɗuwa ba ta tsaya ba, to ciwon ya shiga sahun wanda ba ya jin magani. Kimanin mutum ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya suna cikin wannan sahu. Ga waɗanda ciwonsu ke tasowa daga wuri guda a ƙwaƙwalwa, amfanin tiyata a bayyane yake. A wani bincike da aka yi a Kanada kan mutum 80, aka wallafa a 2001, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata a sashen ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne sun cika shekara ba tare da faɗuwar da ke gusar da hankali ba, alhali a cikin waɗanda suka ci gaba da magani kaɗai kashi 8 ne suka samu haka. A birnin Delhi an yi makamancinsa kan yara 116, aka wallafa a 2017, inda aka samu kashi 77 a gefen tiyata da kashi 7 a gefen magani.

Sai dai likitan tiyata ba zai taɓa ƙwaƙwalwa ba sai ya sami amsar tambayoyi biyu. Ta farko, daga wane ɓari ciwon ke tasowa, hagu ko dama, kuma a wane gurbi? Ta biyu, idan aka cire wannan gurbin, me marar lafiya zai rasa? Tambaya ta biyu tana da tarihi mai ɗaci. A 1953 an yi wa wani matashi Ba'amurke, Henry Molaison, tiyatar da aka cire masa rumbun tunawa na ɓangarorin biyu a lokaci guda; faɗuwar ta ragu, amma ya rayu har 2008 ba ya iya riƙe sabon abin da ya faru da shi. Tun daga lokacin ba a wasa da sanin abin da kowane ɓari yake ɗauke da shi.

Ma'aunin da zan ɗora kowane gwaji a kai shi ne: wacce daga cikin tambayoyin nan biyu yake amsawa, yaya ƙarfin shaidarsa yake, kuma shin wani asibiti zai karɓe ta bayan watanni ko sai an sake, nawa yake ci, wace wahala yake ɗora wa marar lafiya da mai jinya, sannan wane haɗari ke cikinsa. Da yake farashi yana bin dala yana hawa, abin da ya fi amfani shi ne a san wanne ya fi wanne tsada.

EEG na minti talatin da abin da ake nufi da bambancin igiyoyi

Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ne ya fara ɗaukar igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a garin Jena a 1924, gwajin da ake kira EEG. Har yau tsarin bai sauya sosai ba. Ma'aikacin gwajin zai auna kan marar lafiya da tef irin na tela, daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, ya yi alamu da fensir, sannan ya manna 'yan faya-fayan ƙarfe kamar 21 da wani man da ke taimaka wa lantarki wucewa. Kowane faifai na hagu yana ɗauke da lambar mara, na dama kuma lambar cika, ta yadda kowanne yana da abokin tagwaitaka a ɗaya ɓarin: T3 a saitin kunnen hagu, T4 a na dama. Wannan jeri shi ne ke ba da damar kwatanta ɓangarorin biyu layi da layi.

Lafiyayyar ƙwaƙwalwa ma ba ta zama daidai wa daida. Idan mutum ya rufe ido ya natsu, igiyar da ake kira alfa, mai kaɗawa sau 8 zuwa 13 a sakan ɗaya, tana bayyana a ƙeya, kuma sau da yawa ta dama takan ɗan fi ta hagu tsayi ba tare da wata cuta ba. Masu karanta gwajin suna fara damuwa ne idan bambancin tsayin ya haura rabi, ko kuma saurin kaɗawar ɓari ɗaya ya gaza na ɗayan da ɗaya cikakke a sakan. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ganin igiyoyi masu nawa, waɗanda ba su kai kaɗawa 4 a sakan ba, a ɓari ɗaya kawai alhali babban mutum yana farke, domin hakan na nuna akwai lahani a ƙarƙashin wurin. Mafi nauyi duka su ne igiyoyi masu tsini da ke fitowa fit ɗaya su ɓace; idan kusan dukkansu a saitin kunne ɗaya suke fitowa, shaida ce mai kyau.

Wannan gwaji shi ne mafi arha, ba ya zafi, ba a sa wa mutum lantarki a kai (mutane da yawa suna jin tsoron haka, alhali na'urar saurare kawai take yi), kuma ana samunsa a manyan asibitocin koyarwa da wasu asibitocin kuɗi. Rauninsa gajarta ce. A zama na farko, rabin masu farfaɗiya ko fiye ba a ganin tsinin komai a takardarsu, sai an maimaita, musamman bayan an hana marar lafiya barci a daren da ya gabata don ya yi gyangyaɗi a kan gadon gwajin. Bayan haka, ƙoƙon kai da fata suna dusashe lantarkin, har sai fili mai faɗin santimita murabba'i 6 zuwa 10 na fuskar ƙwaƙwalwa ya kaɗa tare kafin faifan da ke waje ya ji. Ƙaramin wuri mai zurfi zai iya yin ta tartsatsi ba a sani ba.

Ina so in daɗe a kan abubuwan da ke kawo bambancin ƙarya, domin a nan ake yawan yaudaruwa. Faifai guda da bai manne da kyau ba ya isa ya sa ɓari ɗaya ya zama kamar mai ciwo. Gumi yana kawo igiyoyi masu nawa da ba daga ƙwaƙwalwa suke ba, kuma a watan Afrilu, a ɗakin da babu sanyi, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Kitso yana hana faifai zama a gurbinsa, man gashi yana hana shi kama fata, shi ya sa ake cewa mace ta tsefe kai, ta wanke shi da sabulu, kada ta shafa komai. Iyali kuma suna da damar tambaya tun kafin ranar ko akwai ma'aikaciya mace. Wanda ya taɓa faɗuwa a babur har ƙashin kansa ya tsage, lantarki zai fi fitowa da ƙarfi ta wannan tsagar, sai igiyoyin wurin su yi tsayi da kaifi ko da ba nan ne tushen ciwon ba. Akasin haka, jini ko ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin ƙoƙon kai yana rage tsayinsu. Akwai kuma wanda ya fi duka haɗari: ɓarin da sanƙarau ko wahalar haihuwa ta lalata sosai yakan rasa ƙarfin fitar da manyan igiyoyi, sai tsinin ya fi bayyana a lafiyayyen ɓarin, a ɗora laifi inda babu shi. Saboda haka ne babu cibiyar kirki da za ta yanke shawarar tiyata a kan EEG na minti talatin, komai kyawunsa.

Lissafin kwamfuta da taswira mai launi

Wasu wuraren suna ƙara kuɗi su ba da abin da suke kira taswirar ƙwaƙwalwa: hoton kai mai ja da shuɗi da rawaya. Abin da kwamfuta ke yi shi ne ta auna ƙarfin kowace irin igiya a hagu da dama, ta ɗebe ɗaya daga ɗaya, ta raba da jimlarsu. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Michel van Putten, ya fitar da irin wannan ma'auni a 2004, mai tafiya daga 0, wato daidaito cikakke, zuwa 1, kuma asali an yi shi ne don sa ido a kan ƙwaƙwalwa yayin tiyatar jijiyar wuya. Amfaninsa na gaskiya yana nan: yana taimaka wa likita ya leƙa rikodin awanni da yawa cikin sauri, ya ga lokacin da ɓari ɗaya ya sauya. Amma kwamfuta ba ta bambance gumi da tabo, duk abin da aka zuba mata shi take lissafawa. A ganina, idan ana neman ƙarin kuɗi don wannan taswira ba tare da ƙwararren likitan jijiyoyi ya karanta ainihin layukan da idonsa ba, gara a adana kuɗin don gwaji na gaba.

Kwanciyar asibiti da kyamara

Wannan shi ne ginshiƙin binciken gaba ɗaya. Ana kwantar da marar lafiya kwana uku zuwa bakwai, wani lokaci har mako biyu, faya-fayai a kansa dare da rana, kyamara tana ɗaukarsa, ana jiran ciwon ya tashi. Bambancin da ake nema a nan ya wuce na tsakanin faɗuwa da faɗuwa. Ana son a ga sakan na farko, ɓarin da igiyoyi suka fara jeruwa cikin kiɗa ɗaya kafin su bazu ko'ina. Yawanci ana son a kama faɗuwa fiye da ɗaya, don a tabbata duk daga wuri guda suke.

Kyamarar tana ba da shaidar da layuka ba sa bayarwa. A ɗauki saurayin da ke zaune a bakin gado: ya ce ya ji wani abu yana taso masa daga ciki zuwa ƙirji, sai idonsa ya ƙafe, ya fara tauna baki, hannun damansa yana ta murza zanin gado, na hagu kuma ya sandare ya murɗe. Bayan ya farfaɗo ya share hanci da hannun dama, kuma nan take ya amsa tambayar nas da magana mai ma'ana. Ga ƙwararre, uku daga cikin waɗannan alamu suna nuna dama: hannun da ke sandarewa yana kishiyar ɓarin ciwo, hannun da ke share hanci galibi yana gefensa, saurin dawowar magana kuma yana nuna ba ɓarin harshe, wato ɓarin ƙwaƙwalwar da ke kula da magana, abin ya taɓa ba. Wannan ne ya sa bidiyon da uwa ko ɗan'uwa ya ɗauka da waya a gida yake da daraja. A ɗauki jiki gaba ɗaya da fuska da hannaye biyu, a kira sunan marar lafiya don a ji ko zai amsa, kada a kashe da wuri, kuma kada ɗaukar hoto ya hana a kawar da wuta ko ruwa daga kusa da shi.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar da ake kwantarwa a irin waɗannan ɗakuna, sai a gano faɗuwar tasu ba farfaɗiya ba ce, ta samo asali ne daga damuwar rai ko matsalar zuciya. Ciwonsu na gaske ne, amma maganinsa daban, kuma sanin haka yana raba su da shekarun shan ƙwayoyin da ba sa yi musu aiki.

Kuɗinsa ya ninka na gajeren EEG sau da yawa, tunda ya haɗa da gado da ma'aikata na awa 24. Haɗarinsa yana zuwa ne daga rage magani da ake yi da gangan don ciwon ya tashi: faɗuwa na iya zuwa a jere, ko ta ƙi tsayawa, ko a ji rauni. Don haka sai a tambaya ko akwai nas da ke kallon allo tsakar dare, ko akwai iskar oksijin da allurar gaggawa a kusa, da kuma abin da ke faruwa da na'urar idan an ɗauke wuta. Kada iyali su rage magani a gida wai don su taimaka wa gwajin. Shaidar da ake samu tana daɗewa da amfani muddin salon faɗuwar bai sauya ba, amma da sharaɗin a karɓo ainihin rikodin da bidiyon a faifai ko filas. Takardar rahoto kaɗai ba ta ishi cibiyar da za ta yi tiyata ba, za ta ce a sake.

Hoton MRI, wanda ba ya auna igiya amma shi ke gaskata ta

Duk bambancin da EEG ya nuna yana buƙatar abokin shaida, kuma MRI shi ne na farko. Yana nuna rumbun tunawa da ya motse ya yi tabo, ko ƙari, ko wurin da ƙwaƙwalwa ba ta ginu daidai ba tun a ciki. Abin lura shi ne hoton da ake ɗauka don ciwon kai ba ɗaya yake da na farfaɗiya ba. Na farfaɗiya yana da sirara yanka da kusurwa ta musamman, kuma ILAE ta fitar da tsarinsa a 2019 da sunan HARNESS. An sha samun wanda aka ce hotonsa lafiya lau, aka sake ɗauka da wannan tsari a na'ura mai ƙarfin tesla 3, tabon ya fito. Babu tururin nukiliya a cikinsa, sai dai ƙara da ƙuncin rami, kuma ƙananan yara sai an sa su barci. Cibiyar Sree Chitra Tirunal da ke jihar Kerala a Indiya, wadda ta fara tiyatar farfaɗiya a 1995, ta yi suna ne a kan nuna cewa idan bidiyo da EEG da MRI suka haɗu a wuri ɗaya, ana iya yin tiyata mai nasara ba tare da gwaje-gwaje masu tsadar gaske ba.

PET, SPECT da MEG

Waɗannan uku na lokacin da shaidu suka saɓa ne ko MRI bai nuna komai ba. A PET ana allurar sukari mai ɗauke da ɗan tururin nukiliya bayan azumin awa huɗu zuwa shida. Wurin ciwo yakan ci sukari ƙasa da takwaransa na ɗaya ɓarin, kuma a nan ma lissafin hagu da dama ake yi. Yana da ƙarfi wajen nuna ɓari, amma filin da yake haskawa ya fi tushen ciwon faɗi. Sinadarin yana rasa rabin ƙarfinsa duk minti 110, shi ya sa sai inda ake sarrafa shi a kusa, kuma shi ya sa yake da tsada.

SPECT yana kama wurin da jini ya kwarara lokacin faɗuwa, amma sai nas ta tura allurar sinadarin gwajin cikin 'yan sakanni da farawar ciwon. Idan ta makara, hoton zai nuna inda ciwon ya bazu maimakon inda ya fara. MEG kuwa yana auna maganaɗisun da lantarkin ƙwaƙwalwa ke haifarwa da na'urori kusan 300, ƙashi ba ya dusashe shi, babu allura, amma injinsa na miliyoyin daloli ne kuma cibiyoyi ƙalilan ne a duniya suke da shi. Wasu cibiyoyin suna maye gurbinsa da EEG mai faya-fayai 128 ko 256.

Gwajin Wada ko fMRI

A nan aka koma tambaya ta biyu, kuma a nan ne iyali suke da zaɓi na gaske. Gwajin Wada ya samo sunansa daga likita ɗan Japan, Juhn Wada, wanda ya bayyana shi a 1949 kafin ya kai shi birnin Montreal na Kanada. Ana zura siririn bututu ta jijiyar jini ta matsematsi har zuwa ta wuya, marar lafiya yana farke, hannayensa a sama, yana ƙirge. Sai a tura maganin barci zuwa ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa. Cikin sakanni hannun kishiyar ɓarin zai faɗi, idan kuma ɓarin harshe ne aka kwantar, ƙirgen zai tsaya cak. A 'yan mintocin da maganin ke aiki ana nuna masa abubuwa, a tambaye shi daga baya ko ya tuna. EEG yana manne a kansa duk tsawon lokacin, kuma a nan ne auna bambancin igiyoyi yake yin aikinsa mafi tsabta: igiyoyi masu nawa su mamaye ɓarin da aka kwantar, su tabbatar maganin ya isa can bai tsallaka ɗaya ɓarin ba, sannan su nuna lokacin da ya fara sakewa. In babu wannan, ba a san ko ɓarin yana barci da gaske lokacin da aka nuna abubuwan ba.

Ƙarfin Wada shi ne yana kwaikwayon tiyatar kafin a yi ta. Rauninsa shi ne shiga jijiya: akwai haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ƙasa da kashi 1 cikin 100 a hannun ƙwararru, da kumburi ko zubar jini a wurin da aka huda, ga kuma tsada. Shi kuwa fMRI a cikin injin MRI ake yinsa ba huda, ana sa mutum ya kawo kalmomi a zuciyarsa, a ga ɓarin da jini ya fi zuwa. Tun 2017 ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka ta amince ana iya amfani da shi a madadin Wada wajen gano ɓarin harshe ga marasa lafiya da yawa. A kan tunawa kuwa shaidarsa ba ta kai ta harshe ƙarfi ba, kuma idan ya nuna ɓangarorin biyu suna aiki tare, sau da yawa ana komawa Wada.

Abubuwa biyu sun shafe mu kai tsaye. Wani bincike da aka yi a Montreal, aka wallafa a 1977, ya nuna kashi 96 na masu amfani da hannun dama harshensu yana hagu, amma a cikin bahagwai kashi 70 ne kawai. A gidajenmu ana hana yaro ci da rubutu da hagu tun yana ƙarami, sai ya girma kowa yana ɗaukarsa na dama. Lalle a gaya wa likita idan marar lafiya bahago ne aka juya shi, a tambayi mahaifiyarsa in an manta. Na biyu, duka gwaje-gwajen biyu da gwajin tunawa na takarda da harshe ake yinsu. Bahaushen da aka sa ya kawo kalmomi da Turancin da bai ƙware ba, ko ta bakin tafintan da bai san aikin ba, sakamakonsa zai iya fitowa a dagule. Tun kafin a sayi tikiti a rubuta wa cibiyar a tambayi yadda za ta gwada mai jin Hausa kaɗai.

Wayoyi a cikin kai

Idan duk waɗannan ba su raba gardama ba, sai a shiga ciki. Hanyar da Jean Talairach da Jean Bancaud suka ƙirƙiro a asibitin Sainte-Anne na Paris wajen 1960, wadda ake kira SEEG, ita ce a huda ƙananan ramuka a ƙoƙon kai a zura wayoyin da kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, a bar su kwanaki ana jiran faɗuwa. Tana kaiwa wurare masu zurfi, kuma ana iya sa ta a ɓangarorin biyu a kwatanta su kai tsaye. Haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa yana wajen kashi 1 cikin 100. Ɗaya hanyar ita ce buɗe ƙashi a shimfiɗa tabarmar wayoyi a fuskar ƙwaƙwalwa, wadda ta fi zafi da yawan matsala. Dukkansu tiyata ce kafin tiyata, su ne mafi tsada, kuma wayar tana jin abin da ke daf da ita ne kawai. In an dasa ta a inda bai dace ba, ba za ta ji komai ba.

| Gwaji | Abin da yake amsawa | Tsada | Daɗewar shaida | Wahala | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gajeren EEG | Alamar ɓari | Mafi arha | Ana maimaitawa | Kaɗan | Kusan babu |
| Taswirar kwamfuta | Ƙari ga EEG | Ƙarin kuɗi kaɗan | Ba ta tsayawa ita kaɗai | Kaɗan | Yaudara in ba a duba layuka ba |
| EEG da kyamara | Inda faɗuwa ke farawa | Matsakaici zuwa sama | Tana daɗewa in an riƙe rikodi | Kwanaki a asibiti | Faɗuwa a jere, rauni |
| MRI na farfaɗiya | Tabo ko ƙari | Matsakaici | Tana daɗewa, ban da ƙari mai girma | Ƙara da ƙunci | Kaɗan |
| PET, SPECT | Ɓari da yanki | Sama | Mai kyau | Allura, azumi ko jira | Ɗan tururin nukiliya |
| MEG | Gurbin tsini | Sama sosai | Mai kyau | Doguwar tafiya | Babu |
| fMRI | Ɓarin harshe | Matsakaici | Mai kyau | Sai da haɗin kai | Kaɗan |
| Wada | Harshe da tunawa | Sama | Sau ɗaya galibi | Huda jijiya | Shanyewar jiki, ba kasafai ba |
| SEEG | Tushe takamaimai | Mafi tsada | Don wannan tiyata | Tiyata da kwanciya | Zubar jini, ƙwayar cuta |

Wa ya dace da wanne

Wanda bai riga ya gwada magunguna biyu a cikakken ma'auni ba, ko yake shan su da tsallake saboda tsada ko ƙarewa a kanti, gajeren EEG da zama da likitan jijiyoyi sun ishe shi yanzu.

Wanda magani ya gaza masa kuma kuɗin hannun iyali ƙididdigagge ne, a sa su a abu biyu: kwanciya da kyamara, da MRI na tsarin farfaɗiya. Idan salon faɗuwa da igiyoyi da tabo duk suka nuna saitin kunne ɗaya, musamman na dama ga wanda tun asali na hannun dama ne, cibiyoyi da yawa za su ƙara gwajin tunawa na takarda kawai su wuce zuwa tiyata. Idan ɓarin hagu ne, ko marar lafiya bahago ne, a fara da fMRI, a ajiye Wada don lokacin da amsar ta fito da shakka ko ake tsoron rumbun tunawa na ɗaya ɓarin ba zai ɗauki nauyi shi kaɗai ba.

Wanda EEG ɗinsa ke nuna ɓari ɗaya amma MRI bai ga komai ba, a fara da sake hoton a na'ura mafi ƙarfi, sannan PET. Yaron da ɓarin jikinsa ya raunana tun yana jariri, hotonsa ya nuna babban lahani a ɓari ɗaya amma igiyoyinsa suna fitowa ko'ina ko ma a ɗaya ɓarin, kada a rufe masa ƙofa da wannan takardar. A kai shi cibiyar da ta saba da tiyatar yara, kuma kada a jinkirta, domin kowace shekara ta faɗuwa tana cin karatunsa da girmansa.

Wanda kuma faɗuwarsa ke fitowa wani lokaci daga hagu wani lokaci daga dama, ko tabo yake gefe igiyoyi suke gefe, shi ne mai buƙatar SEEG. Kafin iyalinsa su sa hannu, su nemi likita ya faɗa musu a fili wurare nawa yake zargi, wayoyi nawa zai dasa, da abin da za a yi idan rikodin ya nuna ɓangarorin biyu duka suna tayar da ciwon, domin a wannan hali galibi ba a cire komai, sai a koma ga gyaran magani ko na'urar da ake dasawa don rage yawan faɗuwa, kuma kuɗin wannan ma ya kamata ya shiga lissafi tun kafin a bar gida.